Wace kalmar Hausa za mu sa a madadin "temps de vol"?

Malamin fizik, Garwa:

Assalamu alaikum. Ina shirya takardar bayani da Hausa domin ɗalibai da yaran shago masu koyon aikin lantarki, kuma na tsaya cak a kan abin da Faransanci ke kira "temps de vol", Ingilishi kuma "time of flight". Ga aikin da ake nufi. Ana jera ƙananan na'urorin ultrason (sautin da ya wuce jin kunne) guda biyu, mai aikawa da mai karɓa, suna fuskantar allon katako. GBF, wato na'urar da ke samar da siginar lantarki, yana ba mai aikawa ɗan guntun sigina, kaɗawa takwas ko goma a kan kilohaz 40, wato kaɗawa dubu 40 a sakan, sannan ya yi shiru. Sautin ya ninka iyakar abin da kunnen mutum ke ji, wato kilohaz 20, don haka babu mai jin komai a ɗakin. A layin farko na osiloskop, na'urar da ke zana sigina a fuskarta, ana ganin siginar da aka aika, a layi na biyu kuma, can gefen dama, ana ganin wani ɗan tudu wanda shi ne amsa-kuwwa. Idan allon yana nisan mita 1 kuma zafin ɗakin digiri 20 ne, tsakanin siginar da amsa-kuwwar milisakan 5.8 ne, domin sautin ya ci mita 2 da gudun mita 343 a sakan.

Wannan adadin nake nema wa suna. "Lokacin tashi", fassararsa kai tsaye, bai yi ba, domin duk wanda ya ji zai ɗauka ana maganar ƙarfe nawa jirgi zai bar filin Garwa, alhali muna maganar tsawon lokaci ne, kuma sauti ba tashi yake yi ba. Ni na karkata ga "jinkirin amsa-kuwwa", saboda amsa-kuwwa tsohuwar kalmarmu ce, kuma littattafan lise, wato makarantun sakandare, ma "retard" suke rubutawa. Ina neman gyara.

Mai gyaran rediyo da talabijin, Marwa:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, amsa-kuwwa ta zauna daram, amma jinkiri ban yarda da shi ba, kuma dalilina daga kan tebur yake. Ka faɗaɗa wannan tudun a osiloskop ka dube shi da kyau. Ba ya tashi lokaci guda. Kaɗawar farko ƙarama ce ƙwarai har takan ɓace a cikin hayaniyar layin, ta biyu ta ɗan fi ta, a haka yake hawa sai bayan kaɗawa da dama ya kai ƙololuwa, sannan ya sauka a hankali. Dalili kuwa shi ne farantin da ke cikin na'urar an ƙera shi ya yi amo a kan kilohaz 40 kaɗai, abu mai amo kuwa ba ya fara kaɗawa da cikakken ƙarfi, ba ya kuma tsayawa nan take. Kowace kaɗawa mikrosakan 25 ce. Idan ɗalibi ya ɗora alamarsa kaɗawa takwas bayan ainihin farkon tudun, ya ƙara mikrosakan 200 waɗanda sautin bai yi su a hanya ba, kuma hakan zai nisanta masa allon da fiye da santimita 3.

To wannan shi ne jinkiri na gaskiya, kuma na na'ura ne, iska ba ruwanta. Sautin da ke kan hanya bai makara ba, gudunsa yake yi daidai gwargwadon da Allah ya hore masa. Idan ka ba tafiyar sunan jinkiri, ranar da za ka koya musu cire kuskuren na'ura ba ka da sauran kalma, kuma yaro zai haɗa abu biyu a ƙarƙashin suna ɗaya.

Ɗalibar injiniya, Ngaundere:

Baba ya yi gaskiya, kuma yadda muke raba abubuwan biyu yana ƙarfafa maganarsa. Ba a dogara da awo ɗaya. Ana ajiye allon a santimita 30, sai 50, sai 70, har zuwa mita 1, kowane karo ana karanta lokaci daga wuri ɗaya a jikin tudun, sannan a zana lokaci a kan nisa. Ɗigogin suna bin miƙaƙƙen layi wanda karkatarsa ke ba da gudun sauti, amma layin ba ya ratsa sifili, kuma ɗan abin da ya rage a wurin shi ne rabon na'ura. Ni shawarata ita ce "lokacin kai-komo", gajere ne kuma yana da daɗin faɗa.

Malamin fizik, Garwa:

Na karɓi hujjar Maigida, na janye jinkiri. Amma Malama, kai-komo a kunnena zirga-zirga ce, mutum ya je ya dawo ya sake komawa ba adadi. Wannan ma yana faruwa a gwajin, shi ya sa nake tsoron kalmar. Idan allon yana kusa, sautin yakan bugi gaban na'urorin ko jikin akwatin da suke kai ya sake komawa, sai ka ga tudu na biyu ƙarami a kusan ninkin lokacin na farko. Saboda irin waɗannan ragowar ne ake barin tazara mai tsawo tsakanin aike da aike, har takardar bayanin HC-SR04, wata na'urar auna nisa da ultrason, ta ba da shawarar a wuce milisakan 60. Mu kuwa tafiya ɗaya tak muke aunawa.

Mai kula da na'urorin asibiti, Njamena:

Malamai, ku ba ni dama in sa baki. A ganina kalmar da kuke nema tana bakin kowa a tashar mota: zuwa da dawowa. Wanda aka ce masa kuɗin zuwa da dawowa kaza ne, ba sai an koya masa raba shi biyu ba kafin ya san kuɗin zuwa. Kuskuren da ya fi yawa a wannan lissafi kuwa shi ne mantawa da rabawa biyu, yaro ya ninka gudu da lokaci ya ce allon yana mita 2 alhali yana mita 1. "Temps de vol" ba ta tuna masa komai, amma "lokacin zuwa da dawowa" tana ɗauke da biyun a cikinta. Tana kuma raba mana gwajin da ake sa mai aikawa da mai karɓa su fuskanci juna babu allo, inda sai mu ce "lokacin zuwa" kawai, ba a raba komai.

Kalmar za ta yi aiki a wajenmu ma. Na'urar da mata ke cewa an yi musu eko da ita wannan lissafin take yi, sai dai da megahaz, kuma tana ɗaukar gudun sauti a naman jiki a matsayin mita 1540 a sakan. Roƙona ɗaya shi ne ku rubuta sakan, kada ku rubuta daƙiƙa, domin a nan wanda ya saba da Larabci minti zai fahimta.

Ɗalibar injiniya, Ngaundere:

Na sauka daga kai-komo. Sai dai "lokacin zuwa" shi kaɗai yana da ciwon da "lokacin tashi" ke da shi, ana iya jin sa a matsayin ƙarfe nawa za a zo. Ina ganin a rubuce a sa "tsawon lokacin zuwa", a baki kuma a gaban osiloskop a bar mutane su gajarta.

Malamin fizik, Garwa:

Haka za a yi. A takardar zan rubuta "tsawon lokacin zuwa da dawowa" ga gwajin allo, "tsawon lokacin zuwa" ga gwajin fuska da fuska, "jinkirin na'ura" kuma ga abin da Maigida ya nuna mana. Jimlar lissafin za ta kasance: a cire jinkirin na'ura daga abin da aka karanta, a ninka da gudun sauti, a raba biyu. Zan ƙara gargaɗi a kan gudun, domin mita 340 da ke cikin littattafai na iskar digiri 15 ne, kuma gudun yana ƙaruwa da kusan mita 0.6 a sakan ga kowane digiri. A ɗakin gwajinmu cikin watan Afrilu, da zafi ya kai digiri 40, gudun ya kai kusan mita 355, wanda ya yi lissafi da 340 kuwa zai rage wa kowace mita kusan santimita 4. Saboda haka ma'aunin zafi zai shiga jerin kayan aikin tare da GBF da osiloskop da mita ta awo.

Ita kanta "ultrason" na bar ta yadda take a wannan bugun, tare da bayanin cewa sauti ne da ya wuce jin kunne. Maigida, idan yaran shagonka suna da wani suna da suke kiran mai aikawa da mai karɓa da shi, ka turo mini kafin in kai takardar wurin bugawa.