Neman kayan gyaran tsofaffin injinan Craftsman

Abin da masu gyara suka fi nanatawa a hirarmu shi ne ka fara duba lambar jikin injin. Ai Sears, kamfanin kantuna na Amurka da ya mallaki sunan Craftsman a da, ba ita ta ƙera waɗannan injinan aiki masu lantarki ba, wasu kamfanoni ne suka riƙa yi mata, lambobi uku na farko su ke nuna waye, 113 Emerson ne, 315 kuma Ryobi, to da sunan nan za ka nemi kayan. Boris kam kar ya dame ka, karanta lambar da ke gefensa kamar 6202, ko'ina akwai. Kabon, wato burushin gawayin da ke cikin motar injin, in ya yi girma a goge shi da fayil har ya shiga. Giyar injin ce matsalar gaskiya, sai dai ka sayi mataccen inji irinsa ka cire.