Yaushe rabonku da ganin ungulu?

Tsohon Mahauci, Tudun Wada: Salamu alaikum. Jiya na ce wa jikana "ungulu ba ta jewar banza", ya yi min zuru. Ashe yaron bai taɓa ganin ungulu da idonsa ba. Mu kuwa muna samari, tun ba a gama fiɗa ba sun yi layi a kan kwanon mahauta kamar an aika musu goron gayyata. Mu watsa musu abin da ya lalace, kafin azahar ƙasa ta yi fes. Yau karnuka da ƙuda ne suka gaje su. Akwai wanda ya ga ko guda ɗaya kwanan nan?

Ɗan Rigasa: Baba, ni na gani, amma busasshiya. A layin masu magani na wata kasuwa, kai daban, ƙafa daban, an ɗaure da zare. Mai rumfar ya ce don neman sa'a da farin jini ake saye, kuma yanzu sai daga Nijar ko Chadi ake kawo musu. Guba ake barbaɗawa a mushe, su sauka su ci, a kwashe su.

Malama daga Kagoro: Abin da ya sa ba sa farfaɗowa, Baba, ƙwai ɗaya tal ungulu ke sakawa a shekara. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin tamu ta mahauta cikin masu dab da ƙarewa. Nan wajenmu ma kurmin Nindam, inda ake samun tsuntsayen da sai a dazukan kudu ake ganin irinsu, gona da itacen girki sun ci gefensa. Dazukan kudun nan, daga Gini har Kamaru, suna cikin wurare 36 na duniya da suka fi tara halittun da babu su a ko'ina, kuma ba a shiga wannan sahu sai wuri ya rasa kashi 70 cikin ɗari na tsirransa na asali. Goggon birin Kuros Riba, wato gorila, da ke cikin dazukan nan bai wuce 300 ba, kuma a iyakarmu da Kamaru kaɗai yake.

Direba, hanyar Birnin Gwari: Malama, ni giwa nake kewa. Na sha tsayawa kusa da dajin Kamuku, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999, manoma su nuna min sawunta a gonar dawa suna ta faɗa. Da dajin ya rikice, wa ke shiga ya duba? Sai kuma madobiya. Na ga tirela bayan tirela na gungumenta, ana cewa Sin za a kai. An sa mata takunkumin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, a 2017, amma manyan sun riga sun tafi. Wani Bafulatani abokina da ganyenta yake riƙe shanunsa da rani, yanzu sai ya yi tafiyar yini.

Hajiyar Kawo: Ni kam gauraka. Rabona da jin kukansu a fadama tun ina amarya.

Malama daga Kagoro: Na manta, Baba. Damina da ta wuce na ga ungulu biyu a kan wani rimi, bayan wata mahautar ƙauye. Na ɗauki hoto, sai dai ya ɗan yi duhu.

Tsohon Mahauci: Allah ya yi miki albarka, 'yata. Turo min in nuna wa yaron. Amma kar ki faɗi sunan ƙauyen a nan, masu rumfar magani ma suna da waya.