Ta ina zan fara gyara barcina, cin abincina da yawan tunani?

Abu_Kanti:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaruna 38, ina zaman shago daga tara na safe zuwa tara na dare. Ba na kwanciya sai wajen ƙarfe ɗaya saboda waya, in tashi Asuba, in wuni ina hamma ina korawa da shayi da goro. Tumbi ya fara fitowa, ga saurin fushi da yawan tunani. Na sha ɗaura niyyar gyarawa, kwana huɗu sai in watsar. Don Allah masana ku ba ni tsarin da mai zaman shago zai iya bi.

Ummu_Jinya:
Wa alaikumus salam. Malam Abu, abin da ke sa ka watsarwa shi ne kana ɗauko komai rana ɗaya. Ka kama barci kaɗai tukuna, kada ka taɓa sauran.

Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9, kai kuwa huɗu kake samu. Mai barcin awa huɗu dole ya riƙa neman zaƙi, ya kuma riƙa hasala a kan abin da bai kai ya kawo ba. Tunda lokacin tashinka a tsaye yake, wajen biyar na Asuba, daga nan za ka ƙirgo baya, ka ga goma na dare ke nan. Amma kada ka yi tsalle daga ɗaya zuwa goma. Jikin bai saba ba, za ka kwanta ido biyu kana juyi, washegari ka ce tsarin bai yi ba. Ka riƙa rage minti 30 duk bayan kwana uku: sha biyu da rabi, sha biyu, haka har ka iso.

Waya kuma ba a kan katifa za ta kwana ba. Ka sa ta caji inda sai ka miƙe tsaye kafin ka ɗauko ta. Haskenta matsala ne, amma wanda ya fi shi shi ne bidiyo bayan bidiyo da musun da ake yi a WhatsApp, su ke hana ƙwaƙwalwa lafawa.

Goro da shayi duka suna da sinadarin kafin (caffeine) mai hana barci, kuma bayan kimanin awa biyar rabinsa yana nan a jini. Kofin da ka sha wajen mai shayi bayan an rufe shago yana aiki har tsakar dare. Ka sa na ƙarshe ya zama kafin La'asar. Kada ka yanke gaba ɗaya, ciwon kai zai kama ka na 'yan kwanaki, ka koma gidan jiya. Ƙailula tana da kyau, minti 20 bayan Azahar. In ta kai awa, za ka tashi jiki a mace, kuma ta cinye barcin dare.

Dan_Atisaye:
Na yarda da Hajiya, sai dai ni ba zan ce ya jira ba kafin ya fara tafiya, domin tafiyar safe da hasken rana su ma suna daidaita barcin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato minti 30 sau biyar. Ka fara da 10 idan gari ya waye, ka ƙara biyar duk mako. Ga ma'aunin saurin: kana iya amsa gaisuwa, amma ba ka iya jan doguwar ƙira'a ba tare da numfashi ya yanke ba. Da takalmi sau-ciki, ba silifas ba, in ba haka ba dunduniya da gwiwa su za su tsayar da kai. Sau biyu a mako ka haɗa da tsugunna-tashi goma sau uku, da tura bango da hannu biyu. Ciwon cinya kwana biyun farko ba komai ba ne. Ciwon ƙirji ko jiri kuwa, ka tsaya ka ga likita.

Batun tumbi, ka fara duba abin da kake sha kafin abin da kake ci. Iyakar sukari a rana kusan gram 50 ne, ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi. Robar lemo ɗaya mai 50cl ta kusa cinye wannan kason ita kaɗai, ban da na shayi, da na fura, da na kunu. Ka rage cokali ɗaya duk mako, harshe zai saba. Gishiri kada ya wuce gram 5, ƙaramin cokali ɗaya, kuma ɗunƙulen maggi yana cikin lissafin. Tuwo ba laifi, a rage malmala a ƙara miya mai ganye da wake.

Ka ari tef ɗin tela ka auna ciki daidai cibiya. Kada ya wuce rabin tsawonka: mai santimita 170, kada ya haura 85. Sau ɗaya a wata ya isa.

Malam_Sulhu:
Yawan tunani da dare galibi lissafi ne da bai samu wurin zama ba: bashin da ake binka, wanda kake bi, kuɗin makaranta. Bayan Isha ka ɗauki takarda, minti goma, ka rubuta kowanne, a gabansa abu ɗaya da za ka yi gobe. Wanda ba shi da mataki ka bar shi a takardar. In fushi ya taso a shago, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida, sau biyar, kafin ka buɗe baki.

Gargaɗi, ɗan'uwa: kada ka sayi ƙwayar barci irin su diyazefam a kemis da kanka. Jiki na saurin sabawa da ita, har ka kasa barci sai da ita. Ka je a auna maka hawan jini da sukari. In awon hawan jini yana maimaita 140/90 ko sama, maganar asibiti ce. Haka in ka yi mako biyu cikin ƙunci, abin da kake jin daɗinsa ya fita daga ranka, ko tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, wannan ya wuce gyaran tsari. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware, ga kuma sashen a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Sannan ka tambayi iyali ko kana munshari mai ƙarfi har numfashi ya riƙa ɗaukewa. In haka ne, ko awa tara ka yi ba za ka huta ba sai an duba.

Abu_Kanti:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Matsala ɗaya: sai tara nake rufewa, in isa gida tara da rabi, sannan in ci tuwo. Goma za ta yiwu kuwa?

Ummu_Jinya:
A kawo maka abincin shago ka ci bayan Magariba, don a samu awa biyu zuwa uku tsakanin ci da kwanciya, in ba haka ba ƙwannafi zai tashe ka. A gida ruwa ko 'yar ayaba ta isa. Ka sa goma da rabi ta zama iyakarka, ƙailular minti 20 ta rage giɓin. Ranar da biki ko baƙi suka ɓata maka dare, kada ka rama da barcin safe, ka tashi lokacin da ka saba, da daddare ka kwanta da wuri.