Taƙaitaccen Bayani kan Ingancin Ruwan Sha a Gundumomin Amurka

Mahalarta wata tattaunawa kan ingancin ruwan sha a Amurka sun yi ittifaƙi cewa matakin farko shi ne mutum ya san tushen ruwansa. Idan na famfo ne, dokar tarayya ta 1974 ce ke kula da shi ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta Amurka (EPA), kuma wajibi ne masu samar da shi su fitar da rahoton inganci duk shekara, ba tare da wuce 1 ga Yuli ba. Rijiyar gida kuwa ba ta cikin wannan doka, saboda haka aka ba da shawarar mai ita ya riƙa gwada ruwan kowace shekara domin ƙwayoyin cuta da sinadarin naitiret, wanda haddinsa miligiram 10 ne a lita, kuma jarirai ya fi yi wa illa.

An fi daɗewa a kan batun dalma, kuma a ganina ya cancanci hakan, domin ruwa kan baro matata lafiya lau, sai ya gurɓace a tsohon bututun gida, musamman wanda aka shimfiɗa kafin a haramta amfani da bututun dalma a 1986. Abin da ya faru a birnin Flint na jihar Michigan daga 2014, inda dalma ta gurɓata ruwan famfo, ya isa misali. Dalma ba ta da launi ko ƙamshi, kuma tafasawa ba ta kawar da ita, sai ma ta ƙara yawanta a tukunya. Don haka aka ce a bar famfo ya ɗan zuba da safe, a yi girki da ruwan sanyi kawai, a kuma nemi matacin da aka tabbatar yana cire dalma.

Warin kulorin, sinadarin da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi a ruwa, bai tayar wa kowa da hankali ba. Ajiye ruwan a buɗaɗɗen mazubi yana rage shi.