Labulen gilashin baya da katakon but a Golf 3

Direban Ringim: Salamu alaikum. Golf 3 ce, rana na gasa fasinjan baya, katakon da ke rufe but kuma ya lanƙwashe. Ina son sa labule mai naɗewa. Ta ina zan fara?

Mai Gareji, Gumel: Wa'alaikumus salam, Malam. Fara da katakon. Kwali ne matsattse, zafi da nauyin sifika ke lanƙwasa shi. Nemo na gwanjo a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano, ka duba kunnuwansa biyu na gefe da igiyoyi biyun da ke ɗaga shi. Kunne ɗaya ya karye, kwaramniya ce har Maigatari.

Kafinta: Ƙari kan na Oga: sa falanki siriri a ƙasa, ka ɗaure labulen da noti da wosha. Sukuru kaɗai yage kwalin yake yi a gargada. Auna faɗin gilashin daga sama, nan ya fi ƙunci.

Mai Gareji, Gumel: Haka ne. Ƙugiyoyin rataye labulen kuma a jikin murfin but za su zauna, ba kan gilashi ba, kada gam ya ɓare layukan hita, masu busar da raɓar gilashin. Labule mai robar mannawa kuwa, ƙurar hunturu na shiga zai faɗo. Da magariba a naɗe labulen, don madubi ya ga baya.