Peugeot PX-10 mai kayan Campagnolo: in sayar da shi ɗungurungum ko in kwance shi?

Mai_Farin_Keke:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar tsofaffin kekunan tsere. Ina da Peugeot PX-10 na shekarun 1970, fari mai baƙin fenti a mahaɗar bututai, sitikar Reynolds 531, mai nuna irin ƙarfen bututan, tana nan ko da yake ta ɗan ɓare. Ya yi mini tsawo, shi ya sa zan rabu da shi.

Matsalar ita ce ba kayansa na asali ne duka a jiki ba. Wanda ya riƙe shi kafin ni ya cire na'urar sauya giya ta Simplex ya sa ta kamfanin Campagnolo na Italiya, samfurin Nuovo Record, an buga PAT. 74 a samanta. Hannun feda da farantansa ma Campagnolo ne. Birki kuwa Mafac Racer ne na asali, sirdi Brooks ne wanda fatarsa ta bushe, wiloli na tayar da ake mannawa da gam. Akwai tsatsa kaɗan a kurom ɗin fok, wato ƙafafun gaba.

Wasu sun ce in kwance in sayar ɗaya-ɗaya, wasu sun ce hakan ɓarna ce. Me kuka gani? Kuma in sake masa fenti kafin in saka shi kasuwa?

Baba_Makaniki:

Wa alaikumus salam. Fenti dai kada ka kuskura. Mai neman irin wannan keke ya fi son tsohon fenti da ƙarjewarsa a kan sabo mai sheƙi, don sabon fenti yana iya rufe tsagewa ko lanƙwasa, kuma da ya gan shi zargi zai fara. Ka wanke shi, ka goge kurom da takardar alminiyom da ɗan ruwa, ka tsaya nan.

Kafin maganar kwancewa, ka tabbatar PX-10 ɗin ne. Peugeot ta yi wani samfuri mai suna UO-8 da yawa, shi ma akwai fari, daga nesa sai ka rantse abu ɗaya ne. PX-10 na wancan zamani yana da kurom a ƙafafun baya da na gaba, kuma wurin da wilin baya ke zama ƙarfe ne mai kauri, an buga Simplex a jiki. Na UO-8 falle ne siriri. Sitika ba hujja ba ce, ana buga sabbi a manna.

In ya tabbata, ga ra'ayina: ka raba shi gida biyu, amma da lura. Kayan Campagnolo ka cire ka sayar daban. Masu neman su ba ruwansu da Peugeot, kekunan Italiya irin su Colnago ko Bianchi suke haɗawa, suna farautar kayan da shekararsu ta dace da ta firam ɗinsu. Wannan 74 ɗin da ka gani, wato shekarar 1974, shi suke dubawa. A bayan hannun feda ma akwai lamba ɗaya: in tana cikin zane mai kusurwa huɗu kamar lu'ulu'u, shekarun 1970 ne, in cikin da'ira take, farkon 1980 ne. A jikin Peugeot kuwa darajarsu nutsewa take, mai son PX-10 zai ce maka shi na'urar giyar Simplex da hannun fedan Stronglight na asali yake so, har ya nemi ragi saboda babu su.

Abin da ba za ka taɓa ba shi ne duk kayan da ke da awon Faransa. Boris na wuya, gidan boris na tsakiya, sandar sirdi, ka bar su a jikin firam. Zaren gidan boris na Faransa milimita 35 ne, na Ingila inci 1.37, na Italiya milimita 36, babu wanda ke shiga na wani. Kaurin sandar da ke riƙe kan keke milimita 22.0 ne a Faransa, sauran duniya 22.2. Sandar sirdin PX-10 galibi 26.4 ce, ba 27.2 da aka saba ba. Firam ɗin Faransa tsirara wahala ce kawai ga mai saye, zai daɗe yana neman ƙananan abubuwa, kuma ya san haka tun kafin ya yi tayi.

Sannan ka leƙa kunnen da na'urar giya ke ratayawa. Na Simplex ba shi da zare, ba shi da ɗan haƙorin da Campagnolo ke jingina a kai. Tunda Nuovo Record ta zauna, akwai yiwuwar an yanka masa zare an goge shi da zarto. Ka ɗauki hotonsa ka faɗa a tallan. Wani ba zai damu ba, wani kuma a nan cinikin zai watse, gara ya watse kafin ka aika kaya.

Hajiya_Eroica:

Baba, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. A lokacin nan mahaya da yawa haka suke yi, su cire Simplex mai jikin roba, wadda ke tsagewa in ta tsufa, su sa Campagnolo. Kenan wannan haɗin ma tarihin keken ne. Kuma akwai masu saye da hawa suke so. L'Eroica, haɗuwar masu hawan tsofaffin kekuna da ake yi a Gaiole in Chianti ta Italiya tun 1997 tana karɓar kekunan 1987 zuwa baya, masu sandar giya a bututun firam da feda mai maɗaurin ƙafa. Keke irin wannan, a haɗe yana tafiya, daidai yake da bukatarsu. Ƙungiyar Peugeot ce fa Bernard Thévenet ya ci Tour de France da ita a 1975 da 1977, sunan kaɗai yana jan mutane.

Kwancewa tana iya kawo kuɗi fiye, ban musa ba. Amma kaya masu kyau za su tafi cikin mako guda, ka zauna da wiloli da busasshen sirdi wata da watanni. Ka lissafa lokacinka da kuɗin aika kowane ƙunshi.

Sarkin_Sifana:

Ni gargaɗi biyu kawai. Ka duba hannun feda na dama, daidai inda ya haɗu da yatsun da ke riƙe faranti, Campagnolo na wannan zamani yana yawan tsagewa a nan. Ka wanke ka haska da tocila. Mai tsaga ba na hawa ba ne, kada ka sayar wa mutum a matsayin lafiyayye. Na biyu, in sandar kan keken ta kamfanin AVA ce, ita ma ta yi ƙaurin suna wajen karyewa, ka rubuta hakan.

Mai_Farin_Keke:

Na gode ƙwarai. Na duba: kurom gaba da baya, Simplex a jiki, kunnen kuma an yanka masa zare kamar yadda Baba ya ce. Hannun feda lafiya lau, lamba 4 ce cikin lu'ulu'u. Sandar kai AVA ce.

Hajiya, hujjarki ta shige ni. Zan fara saka shi a haɗe na wata ɗaya, in ba a yi tayin kirki ba sai in bi hanyar Baba. Wane awo zan rubuta a tallan?

Baba_Makaniki:

Tsawon bututun sirdi, ka faɗi ko daga tsakiya zuwa tsakiya ka auna ko zuwa sama, don bambancin ya kai santimita ɗaya ko fiye. Tsawon bututun sama. Faɗin baya tsakanin ƙafafu, naka zai zama milimita 120 in giya biyar ce. Ka tabbatar sandar sirdi da sandar kai suna motsi, ka ce suna motsi, tambayar farko kenan da za a yi maka. Hoto kuma daga ɓangaren sarƙa, da wani na kusa a ƙarƙashin bututun ƙasa daf da wuya, inda fenti ke tattarewa in keke ya taɓa karo da wani abu.