Kwana biyar a Sharm el-Sheikh: me za a fara, me za a bari ƙarshe?

Matafiyi22: Assalamu alaikum. Mai kwana biyar a Sharm el-Sheikh ta ƙasar Masar yana son ya shiga Bahar Maliya ya ga murjani, ya hau Dutsen Sinai, ya kuma ɗana babur mai ƙafa huɗu a sahara. Yaya ya kamata a jera su? Sannan wanda bai ƙware a iyo ba, zai iya nutso da tukunyar iska?

SarkinRuwa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara da dutsen, nutso ya biyo baya. Idan mutum ya shaƙi iskar tukunya a ƙarƙashin ruwa, iskar nitrojin tana taruwa a jikinsa, kuma sai a hankali take fita. In ya hau wuri mai tudu kafin ta gama fita, sai ta zama kumfa cikin jini da gaɓoɓi, daga nan ciwon gaɓa, jiri, wani lokaci har shanyewar jiki. Shi ya sa ƙa'idar masu nutso ta ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya kafin a hau jirgin sama, awa 18 in an maimaita. Ka mai da shi 24 hankalinka ya kwanta.

Abin da mutane ke mantawa shi ne dutsen ma tudu ne. Tsayinsa mita 2,285, garin Sant Katrin da ke gindinsa kuwa ya kusa mita 1,600. Wanda ya yi nutso da rana ya shiga motar dutse da dare ya ɗauko wa kansa rigima, kuma ba kowane mai sayar da tikiti zai tambaye ka ba.

Batun iyo, akwai nutson gwaji da malami ke riƙe da kai, ba a wuce mita 12. Kada ka riƙe numfashi, musamman lokacin tasowa sama. Kana sauka kana toshe hanci kana hura a hankali, kusan kowace mita, tun kunne bai fara zafi ba. Mai mura ya haƙura, kunnensa ba zai buɗe ba. Mai asma ko ciwon zuciya sai da izinin likita.

JagoranSahara: Maganar Malam SarkinRuwa haka take. Dutsen da dare ake hawansa. Mota tana ɗaukar kimanin awa uku daga Sharm, hawan kansa awa biyu zuwa uku tare da ɗan jagora Balaraben ƙauye, a isa kafin fitowar rana. Raƙumi zai kai ka mafi yawan hanya, amma matakala 750 na ƙarshe sai dai ƙafa. A tafi da tocila, takalmi mai riƙe ƙasa da rigar sanyi ta gaske, domin daga Disamba zuwa Fabrairu ruwa kan daskare a can sama. Gidan ibadar Kirista na Sant Katrin, wanda aka gina tun ƙarni na 6, da safe kawai ake buɗe shi, ranar Lahadi kuma a rufe yake. Washegari kada a ɗora komai, barci ne.

Babur kuwa a yi shi da la'asar sakaliya. Rawani a rufe hanci, tabarau, a bar tazara da na gaba saboda ƙura.

Hajiyar Tafiya: Ni dai, ƙanena, da za ka ji tawa, bar tukunyar nan. A gandun Ras Muhammad, wanda aka keɓe tun 1983, murjanin yana kusa da saman ruwa. Gilashin fuska, bututun numfashi da rigar da ke hana nutsewa sun ishe ka, kuma babu ruwanka da lissafin awa 24. Ka sa riga mai dogon hannu, don baya da sharaɓa rana ta fi ƙonawa mutum bai sani ba. Maganin jirin teku a sha shi minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a shiga jirgin ruwa, in amai ya fara ya makara. Kada ka taka murjani ko ka ɓallo, doka ta hana, akwai kuma mai ƙuna kamar wuta da kifi mai dafi da ke lafewa kamar dutse. Ranar ƙarshe ka bar ta wa tsohuwar kasuwa, Masallacin Sahaba ma a nan yake.

SarkinRuwa: Hajiya ta yi gaskiya. In dai an nace sai tukunyar, a sa ta rana ta uku, a kuma nemi ganin lasisin cibiyar nutson kafin a biya.